Tsakanin NAFDAC da duba-gari: wa ke gadin abincin mutanen Abuja?

Duk sanda aka ji labarin an kama ruɓaɓɓen nama a kasuwa, ko wasu iyalai sun kwanta asibiti bayan cin abincin biki, sunan hukuma ɗaya ne ke fitowa daga bakin jama'a: ina NAFDAC? Tambayar tana da dalili, domin ita ce hukumar kula da abinci da magunguna da kowa ya sani, lambarta ce muke dubawa a jikin ledar ruwa da gwangwanin madara. Sai dai a mafi yawan irin waɗannan lamura, ƙofar da ake bugawa ba ita doka ta ɗora wa alhakin farko ba. Tsiren da aka saya a bakin titi a Nyanya, da masar da ake toyawa a Kubwa, da furar da ake damawa a tashar Zuba, da naman da aka yanka da asuba a kwatar Karu, duk suna ƙarƙashin kulawar wasu ma'aikata ne da mutane da yawa ba su ma san har yanzu suna nan ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane rabon aikin ita ce a dubi abincin kansa. Abin da aka sarrafa a masana'anta, aka rufe a leda ko kwalba ko gwangwani, aka manna masa suna, ko aka shigo da shi daga waje ta tashar jiragen ruwa, na gwamnatin tarayya ne. Abin da ake dafawa a sayar a faranti, ko a yanka a kasa a tebur, ko a auna da mudu, ya faɗa hannun jiha da ƙaramar hukuma. Akwai wuraren da iyakar ke cakuɗewa, za mu zo kansu. Amma wannan rabon kaɗai ya isa ya nuna inda matsalar take: abincin da talaka ke ci safe da yamma kusan dukansa yana kashi na biyu ne, hannun matakin gwamnatin da ya fi kowa ƙarancin kuɗi da ma'aikata da kayan aiki.

Tushen rabon yana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Babu wani sashe guda da ya ce tsaftar abinci ta wane ce. An warwatsa ta ne. A jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka akwai magunguna da guba, da killace dabbobi da tsirrai a kan iyaka, da cinikayya tsakanin jihohi da ƙasashen waje, da ma'auni, da kafa hukumar da za ta tsara ingancin kayan da ake sayarwa. Daga nan hukumomin tarayya suka samo ƙarfinsu. Jadawali na huɗu kuma, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ba su kafawa da kula da mayanka da kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a, da kwashe shara, sannan ya ambaci shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci. A rubuce yake ƙarara. Abin da ya rage a tsakani, wato lafiyar jama'a gaba ɗaya da aikin likitocin dabbobi a cikin gida, jihohi ne ke yi masa doka.

NAFDAC an kafa ta ne da dokar soja mai lamba 15 ta 1993. Aikinta ya shafi abincin da aka sarrafa, da magani, da kayan kwalliya, da sinadarai, da ruwan leda da na gora. Kafin kamfani ya fitar da kaya kasuwa sai ya yi rajista, an ziyarci inda yake sarrafawa, an ɗauki samfuri an gwada, sannan a ba shi lamba. Hedikwatarta tana Wuse a nan Abuja, tana da ofis a kowace jiha, da ɗakunan gwaji a wurare irin su Legas da Kaduna. Sunan da ta yi a idon jama'a ya samo asali ne daga zamanin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. A lokacin ne aka matsa wa gidajen burodi lamba kan sinadarin buromet, wanda ake sa wa fulawa don burodi ya kumbura, bayan an danganta shi da cutar ƙoda da sankara. Tun 2017 Farfesa Mojisola Adeyeye ce ke riƙe da hukumar.

Gidan burodi misali ne mai kyau na inda iyakar ke cakuɗewa. Burodin da ke cikin leda mai suna, da abin da aka zuba a cikin ƙullinsa, na NAFDAC ne. Ginin da ake gasa shi, da ruwan da ake kwaɓi da shi, da banɗakin ma'aikata, da lafiyar yaran da ke murza ƙullin da hannu, tsarin mulki ya ambace su cikin aikin ƙaramar hukuma. Mai gidan burodi ɗaya yana amsa wa iyayen gida biyu, kuma ba lallai ne su biyun sun taɓa zama sun kwatanta abin da kowa ya gani ba.

Akwai sauran hukumomin tarayya. SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke rubuta ƙa'idar ingancin kaya, kamar abin da ya kamata a samu a cikin man girki ko sukari ko fulawa, ita ce kuma mai tambarin NIS. FCCPC, da dokar 2018 ta samar, tana karɓar ƙorafin mai saye da aka cuta. NAQS tana tsaron shigi da ficen dabbobi da tsirrai da kifi. Sama da su akwai ma'aikatun lafiya, da noma, da muhalli, da ciniki, sai kuma ma'aikatar bunƙasa kiwo da aka ƙirƙiro a 2024. Kowace tana riƙe da wani gefe na lamarin. A ganina ba yawan hukumomin ne babban abin damuwa ba, ƙasashe da dama haka suke. Abin damuwar shi ne duk waɗannan suna aiki ne daga sama, a kan kamfanoni masu rajista da kayan da ke bi ta kan iyaka, alhali cinikin abincinmu mafi yawa ba ya bi ta ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan.

Jihohi ma suna da hannu mai ƙarfi. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas cewa ba da lasisi da sa ido kan otal-otal da gidajen abinci hurumin jiha ne, ba na tarayya ba. Ma'aikatun lafiya da na gona na jihohi ne ke da likitocin dabbobi da manyan jami'an tsafta. Wasu jihohin sun kafa hukumar kare haƙƙin masu saye tasu, kamar Kano. Mutumin Jos, alal misali, ya san matakai uku ne a kansa: tarayya, gwamnatin Filato, sai ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ko ta Kudu.

Abuja kuwa tata ta bambanta. Ba ta da gwamna, ba ta da majalisar dokoki tata. Sashe na 299 na tsarin mulki ya ce a ɗauke ta kamar jiha, amma Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, shugaban ƙasa kuma ke mulkinta ta hannun minista, wanda tun Agustan 2023 Nyesom Wike ne. Ke nan matakin da ya kamata ya zama na jiha, hukumar gudanar da babban birnin tarayya, wato FCTA, ce ke cike shi, ita kuma reshe ce ta tarayya. A ƙarƙashinta akwai sakatariyar lafiya da muhalli mai sashen lafiyar jama'a, akwai sakatariyar noma mai kula da likitocin dabbobi, akwai hukumar kare muhalli ta AEPB da kotunanta na tafi-da-gidanka, akwai kuma kamfanin AMML da ke gudanar da Kasuwar Wuse da wasu manyan kasuwanni. Sannan ga ƙananan hukumomi shida: AMAC (ta cikin birnin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, masu zaɓaɓɓun shugabanni, waɗanda jadawali na huɗu ya ba su kasuwanni da mayanka da gidajen abinci kamar kowace ƙaramar hukuma a ƙasar nan.

Sai a yi tunanin mace mai sayar da tuwo da shinkafa a cikin birni. Ƙaramar hukuma tana da hujjar zuwa wajenta, domin tsarin mulki ya ambaci sana'arta da suna. Sashen lafiyar jama'a na FCTA yana da tasa hujjar. AEPB za ta zo kan shara da kwatami da wurin da ta kafa rumfa. In a cikin kasuwa take, ga mahukuntan kasuwa. Masu sana'a a Abuja sun daɗe suna kukan yawan masu zuwa da rasit, kowa da takardarsa, kowa da kuɗinsa. Tambayar da ta fi damuna ita ce: cikin duk masu zuwan nan, wa ya buɗe randar ruwanta ya duba? Wa ya tambaye ta ina take ajiye miyar da ta kwana? Wannan ce ziyarar da ke hana yaro kwanciya asibiti, kuma ita ce ba ta da wanda ke rububinta, don ba ta kawo kuɗin shiga.

A ƙara da maganar iyaka. Abuja ba ta ciyar da kanta. Kayan gwari da yawa daga kasuwar Orange ta Mararaba suke shigowa, wadda ke ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Madalla da Suleja jihar Neja ne. Dubban ma'aikatan da ke cika ofisoshin birni da rana a can suke kwana, a can suke cin abincin dare. Jami'in AMAC ba shi da ikon taka ƙafa ya duba rumbun ajiya a Mararaba, ko da tumatirin da aka ajiye a wurin gobe da safe a Garki za a sayar da shi.

Yanzu mu zo kan duba-gari, domin a kansa komai ya tsaya. Dattawa suna tuna lokacin da jin an ce ga duba-gari nan ke sa a share tsakar gida, a wanke randa, a rufe masai. Tun zamanin Turawa aikin yake, kuma Makarantar Tsafta ta Kano tana cikin tsofaffin wuraren da suka horar da su. A yau sunansu jami'an lafiyar muhalli, suna da majalisar da ke yi musu rajista wadda aka kafa da dokar 2002. Horon da ake ba su ba na wasa ba ne. An koya musu duba wurin girki, da gane naman da ya fara lalacewa, da bin diddigin ruwan sha, da rubuta takardar gargaɗi, da gurfanar da mai taurin kai a gaban kotu. Su ne ya kamata su tabbatar mai taɓa abincin jama'a ya yi gwajin lafiya duk wata shida, don mai ɗauke da taifot ko ciwon hanta ko tarin fuka yana iya yaɗa su alhali shi yana jin kansa garau.

Abin da ya same su sananne ne ga duk wanda ya taɓa shiga sakatariyar ƙaramar hukuma. Tsofaffi suna ritaya, ba a ɗaukar sababbi yadda ya kamata, garuruwa kuma suna ta faɗaɗa. A dubi yadda Lugbe da Kubwa da Gwagwalada suka tumbatsa cikin shekaru ashirin. Jami'in da ba shi da babur, ba shi da ma'aunin zafi da zai soka a cikin nama, ba shi da kwalbar ɗaukar samfuri, balle ɗakin gwajin da zai kai, me ya rage masa? Ido da hanci. Ido da hanci kuwa ba sa ganin maganin ƙwari a jikin wake. Daga nan sai a mayar da shi ɗan karɓar haraji, ko a ɗauko 'yan kwangila a ba su riga su yi ta yankan rasit da sunan tsafta. Takardar gwajin lafiya ta zama abin da ake biya a karɓa. Ba na ɗora wa jami'an laifin wannan gaba ɗaya. Wanda aka auna ƙwazonsa da kuɗin da ya tara a wata, kuɗin zai bi.

A harkar nama ne aka fi ganin tsadar wannan sakaci. Ƙa'ida ita ce a duba dabba tana tsaye kafin yanka, a sake duba ta bayan an feɗe: huhu, hanta, ƙoda, kaluluwa. Da haka ake kama tarin fuka na shanu, da tsutsar hanta, da sauran cututtukan da ke tsallakowa zuwa mutum. A manyan kwatocin Abuja irin na Karu da Dei-Dei da Kubwa da Gwagwalada akwai likitoci da malaman dabbobi da ke wannan aikin. To amma a lura da yadda aka raba: wurin yankan, bisa tsarin mulki, na ƙaramar hukuma ne, likitan da ke dubawa kuma na matakin sama ne. In babu ruwa a kwata, ko magudanar jini ta toshe, likita ba shi da kasafin gyarawa. In likita bai zo ba, mai kula da wurin ba shi da ilimin da zai hana nama fita.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Idan likita ya ce saniyar nan ba ta ciyuwa, wa zai ɗauki asarar? Mahauci ya zuba jarinsa, sau da yawa ma bashi ya ɗauko daga dillali, zai biya bayan ya sayar. A ce masa a ƙona ta ko a binne, ba tare da ko sisin diyya ba, daidai yake da a ce ya rufe sana'a. Sakamakon haka a bayyane yake: dabbar da ake shakkar lafiyarta ba za a kawo ta inda likita yake ba, za a yanka ta a bayan gari kafin gari ya waye. Duk tsananin da za a yi a cikin kwata, matuƙar ba a warware wannan ba, ƙara tura yanka ake yi zuwa inda ido ba ya kaiwa. Bayan haka ga jigila, nama a bayan babur ko a but ɗin tasi cikin zafin rana, daga kwata zuwa kasuwa, tafiyar da babu wanda ke sa mata ido.

A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar saifa ta dabbobi, wato antiraks, a wata gona da ke yankin Suleja, dab da Abuja. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, ita ta gwada samfurin. Gwamnatin tarayya ta yi gargaɗi kan cin ganda da naman dabbar da ta mutu ko take ciwo. Wannan ɓangaren ya tafi daidai: gwaji da sanarwa aikin tarayya ne, an kuma yi su. Amma aiwatar da gargaɗin, wato tsayawa a kasuwar dabbobi da wurin babbakar fata a ga me ke shigowa, ya koma kan ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, su ɗin da muka gama bayanin halin da suke ciki.

Hatsi ma haka. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dikulobos da aka riƙa samu a cikinsa, fiye da iyakar miligiram 0.01 a kowane kilo da suka yarda da ita. An tsawaita haramcin a 2016. Wannan sinadarin shi ne ke cikin Sniper da ire-irensa, wanda wasu 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don kada wake ya yi ƙwari. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, Turawa sun gano ne don suna gwadawa a bakin iyakarsu. Waken da aka mayar da wanda ba a taɓa fitarwa ba daga rumbu ɗaya suke, mu ne muke cinye shi a ƙosai da alale. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da irin waɗannan magungunan gona a kasuwanni da kantuna barkatai. Ikon ta ke nan: rajistar maganin, da shigo da shi, da inda za a sayar. Amma lokacin da ɗan kasuwa ya buɗe kwalba a cikin sito da daddare, sito na cikin kasuwa ne, kasuwa kuwa ta ƙaramar hukuma ce. Ga shi akwai mafita da manoman Arewa suka riga suka sani, buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Yaɗa shi aikin malaman gona ne, wani ofishin daban ke nan.

Haka batun nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid na masu walda, da zuba rini a manja don ya yi ja. NAFDAC tana yawan gangamin wayar da kai a kansu, takan kai samame lokaci-lokaci. Samame kuwa na rana ɗaya ne. Kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba kullum tana ci.

Abin da ya faru a Kano a 2021 ya nuna yadda giɓin ke kashe mutane. Ɗaruruwa sun kwanta asibiti, wasu sun rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da garin lemo da wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Binciken NAFDAC ya nuna sinadarin ba na abinci ba ne. A bi sawun kayan a gani: shigowarsa ƙasa hurumin tarayya ne, ajiye shi da sayar da shi a buhu a kasuwa ya faɗa hurumin jiha da ƙaramar hukuma, mai haɗa lemon a unguwa kuma ba ya cikin rajistar kowa. Ya wuce ta hannun matakai uku, babu wanda ya tare shi, sai da asibitoci suka cika. Babu abin da ya hana irin wannan faruwa a Abuja, inda ake shan zoɓo da kunun aya da lemon ɗauri a kowace tasha.

Idan cuta ta ɓarke, wani layin ne kuma ke motsawa: asibiti ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi ya kai sama, har zuwa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa. A 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a faɗin ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, Abuja ma ba ta tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 ke mutuwa, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'a. Mafi yawan namu ba sa shiga lissafi. Mutum ya yi amai da gudawa, ya sayi magani a kemis, ya warke ko ya tafi, babu wanda ya tambayi me ya ci, a ina.

Gwamnati ta san da wannan tarwatsewar. A 2014 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan kiyaye lafiyar abinci, aka kafa kwamitin da zai haɗa ma'aikatu da hukumomi wuri ɗaya. An kuma daɗe ana kai kudurin doka kan lafiya da ingancin abinci gaban Majalisar Tarayya. Manufa dai takarda ce mai nuna hanya, ba ta tilasta wa shugaban ƙaramar hukuma ya ɗauki ma'aikaci ko ya sayi babur. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Mutane sun yi murna, ni ma na yi. Amma kuɗi ya iso ba ya nufin zai tafi sashen tsafta. Zai tafi ne inda masu zaɓe suka matsa, kuma ban taɓa jin an tsare ɗan takarar shugabancin ƙaramar hukuma da tambayar duba-gari nawa zai ɗauka ba. A Abuja muna da dama fiye da sauran wurare, don INEC ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumominmu shida, ba hukumar zaɓen jiha ba, ƙuri'a tana da ɗan nauyi.

Wasu suna ganin mafita ita ce a damƙa wa NAFDAC komai, daga masana'anta har teburin mai shayi. Ban yarda ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, kasuwanni kuwa ba su ƙirguwa. Babu hukumar da ke zaune a Wuse da za ta san wace rijiya masu kunu ke ɗiba a Kwali. Aikin na wanda ke kusa ne. Abin da tarayya za ta yi, kuma ta fi kowa iyawa, shi ne ta rubuta ƙa'ida ɗaya mai sauƙi da za a fassara zuwa harsunan da masu sana'a ke ji, ta buɗe ɗakunan gwajinta ga samfurin da jami'in ƙaramar hukuma zai aiko ba tare da an caje shi ba, ta kuma riƙa wallafa abin da aka gano. A Abuja wannan ya fi sauƙi, tunda minista ɗaya ne ke saman FCTA, yana da ikon ya zaunar da sassansa da shugabannin ƙananan hukumomi a rubuta wa ke zuwa wajen wa. Mai abinci ta san jami'i ɗaya, takarda ɗaya, kuɗi ɗaya da za ta biya a banki. Mai dubawa kuma kada ya taɓa kuɗi da hannunsa ko kaɗan.

Sannan akwai ƙarfin da ake bari yana zubewa a banza. Kowace kwata tana da Sarkin Fawa, kowace kasuwa tana da shugabannin layi, masu hatsi da masu gwari da masu burodi duk suna da ƙungiya. Waɗannan mutane sun san wa ke yanka mushe, sun san sito nawa ake zuba magani. Maganarsu tana da tasirin da takardar gwamnati ba ta da shi, don suna iya hana mutum ciniki a ranar. Mafi yawan masu sana'ar nan mutanen kirki ne masu tsoron Allah, 'ya'yansu ma daga tukunyar suke ci. Da yawa ba su san kabaid yana cutarwa ba, sun gani ne ana yi. In aka zauna da shugabanninsu, aka haɗa asusun da mahauta za su riƙa zuba wani abu kaɗan a kan kowace dabba, gwamnati ta ƙara nata, don a rage wa wanda aka hana namansa asara, likita zai daina zama abokin gaba a kwata.

Kafin a kai can, mai ƙorafi ya san inda zai dosa. Kaya na leda ko gwangwani da ya lalace, ko lambarsa ta jabu ce, ko kwanan watansa ya wuce, ofishin NAFDAC za a kai, tare da kayan da ledarsa da sunan shagon da aka saya. In an cuce ka a ciniki kana neman haƙƙinka, FCCPC ce. Gidan abinci mai ƙazanta, ko mai yanka a ɓoye, ko gidan burodi da ke kwaɓi da ruwan kwatami, sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarka za ka je, a cikin birni kuma har da sashen lafiyar jama'a na FCTA. Nama da ake shakka, a nemi likitan dabbobin kwatar da ya fito, a kuma sanar da Sarkin Fawa. In mutum biyu ko uku suka kamu da ciwo bayan cin abu ɗaya, a garzaya asibiti, a gaya wa ma'aikacin lafiya abin da aka ci da inda aka saya, a roƙe shi ya sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma. Ragowar abincin kuma kada a zubar, a ɗaure shi a leda mai tsabta a sa a firji, domin shi za a gwada.